Yadda Ake Gano Ƙwaro Mai Ƙyalli da Ke Huda Itace

Wata bagaruwa ce ta fara koya mini wannan aiki. Tana tsaye a kan iyakar lambunmu da ke wajen Ajiwa, kuma wutar da aka sa wa sassabe a ƙarshen rani ta lashe gefenta ɗaya ba tare da ta kashe ta ba. Bayan shekara guda sai rassanta na sama suka soma bushewa, na kuma lura da wasu ƙananan ramuka a jikin ɓawonta. Na sayo maganin ƙwari, na zuƙa a sirinji, na bi ramukan nan ina ɗurawa ɗaya bayan ɗaya. Dattijon da ke yi mana aikin sarar itace ya daɗe yana kallona, can ya ce, "Malam, ai mai gidan ya riga ya tashi. Wannan ƙofar fita ce. In kana son ganin masu cin iccen, ɗaga ɓawon." Ya sa bakin gatarinsa ya ɓamɓaro ɓawo kamar faɗin tafin hannu, sai ga hanyoyi a kwance suna karkacewa, cike taf da garin itace, da wata farar tsutsa mai faɗin kai ta lanƙwashe a ƙarshen ɗaya daga cikinsu. Na ce, "Baba, ashe kuɗina na zubar." Ya ce, "Ka dai sayi sani."

Tun daga ranar nake bin wannan ƙwaro, kuma abin da na fahimta shi ne yawancin asarar da masu lambu ke yi a kansa ta rashin gane shi ce. Wani ya sare itacen da zai iya farfaɗowa, wani ya yi feshi a inda magani ba ya kaiwa, wani kuma ya ɗora wa gara laifin da ba nata ba. Saboda haka na tsara yadda mutum zai bi, tun daga hango itace daga nesa har ya riƙe ƙwaron a hannunsa ya tabbatar da ko wane ne.

Abin da ake nema

Masana ƙwari suna kiran dangin wannan ƙwaro Buprestidae, kuma an san nau'i sama da 15,000 a duniya, daga ƙanana masu tsawon milimita 3 zuwa manya da ke kai santimita 7 ko 8. Da yawansu suna sheƙi kamar sabuwar tagulla ko zinariya, wasu kore shar, wasu shuɗi, wasu kuma baƙi mai ɗan ja wanda sai rana ta doke shi ake ganin ƙyallinsa. Wannan launi ba rini ba ne. Tsarin siraran shimfiɗu ne a cikin ɓawon jikinsa da ke mayar da haske, shi ya sa fiffikensa ba ya koɗewa ko da ƙwaron ya daɗe da mutuwa. A Indiya da Tailan an daɗe ana yi wa tufafi ado da irin waɗannan fukafukai, kuma a haikalin Horyu-ji na Japan akwai wani ƙaramin akwatin ibada na ƙarni na 7 da aka ƙawata da su.

Babban ƙwaron, wato wanda ya gama rikiɗa ya yi fiffike, ba shi ne mai ɓarna ba, domin ganye da fure yake ci, kuma abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Tsutsarsa ce ke aikin. Macen takan ajiye ƙwai a tsagar ɓawo ko a bakin rauni, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta nutse ciki, ta zauna tana cin ɗanyar fatar nan da ke tsakanin ɓawo da ainihin itace, wadda ta nan ne abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa. Idan hanyoyin tsutsa suka zagaye reshe gaba ɗaya, an yi masa zobe ke nan, kuma abin da ke sama da zoben zai bushe. A mafi yawan nau'o'in, tsutsar takan yi shekara ɗaya ko biyu a ciki, sannan ta haƙa ɗan ɗaki ta kwanta ta rikiɗe, ƙwaron ya huda ɓawo ya fito.

Kayan da za ka riƙe ba su da yawa: wuƙa mai kauri ko ƙaramar kurfi, kwalba mai murfi, farin ƙyalle ko tsohuwar laima, rula, da waya mai kyamara. Idan ka samu gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, zai taimake ka ƙwarai wajen duba ƙahoni da cikin ƙwaron.

Fara da itacen kafin ka nemi ƙwaron

Tsaya daga nesa ka dubi itacen duka. Alamar farko ita ce bushewa daga sama: rassan ƙoli su yi ƙarancin ganye, ganyen ya ƙanƙance ya yi rawaya, alhali na ƙasa yana nan da ɗan ƙarfinsa. Sau da yawa itacen yakan fito da sababbin tofo a gindinsa ko a ƙasan inda aka yi masa zobe, kamar mai neman mafita. A nan dole in yi gargaɗi game da gawo, domin na ga baƙon da ya tsaya a gona a watan Agusta yana jimamin gawon da ya mutu. Gawo yana zubar da ganyensa da damina ne ya fito da shi da rani, saboda haka a lokacin hunturu da bazara ake auna lafiyarsa.

Sai ka tambayi kanka abin da ya samu itacen kafin yau. Wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci, domin mafi yawan waɗannan ƙwari ba sa iya cin itace mai cikakkiyar lafiya. Ruwan jikinsa da ƙaron da yake fitarwa sukan nutsar da ƙaramar tsutsa tun ba ta yi nisa ba. Wanda ƙishirwa ta galabaitar, wanda wuta ta lasa, wanda makiyayi ya daddatse wa rassa don dabbobi, wanda masu magani suka saɓule wa ɓawo, da wanda aka dasa rana ta ƙona masa jiki, su ne abincinsu. Dangantakarsu da wuta ma abin mamaki ce: akwai wani jinsi mai suna Melanophila da ke da wasu ƙananan gurabe a ƙirjinsa masu jin zafin gobara daga nesa, ya taso ya zo ya yi ƙwai a itacen da bai gama hucewa ba. A ƙasarmu ta Katsina, inda ruwan sama bai wuce wata huɗu ba, ga iskar hunturu, ga zafin Afrilu, itatuwan da suka wahala ba su da wuyar samu, musamman a shingayen bishiyoyi da aka dasa don tare hamada da kuma gefen hanyoyi.

Matsa kusa ka zagaya gangar jikin, ka fi mai da hankali ga gefen da rana ta fi duka, wato yamma da kudu a watannin rani. Nemi wurin da ɓawo ya lotsa ko ya yi duhu, ko ya tsage a tsaye, ko ƙaro ke tsattsafowa ba tare da an sare shi ba. Ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa. Inda ɓawo ya rabu da itace za ka ji sautin holoƙo. Idan kuma ka ga maƙwaƙƙwafi ya matsa wa wani reshe, ya feffeƙe ɓawonsa, to ya riga ka sanin abin da ke ciki.

Karanta ramin

A nan ne aikin yake da daɗi, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Jikin ƙwaro mai ƙyalli a baje yake, faɗinsa ya fi kaurinsa, saboda haka ƙofar da yake hudawa ba ta zama da'ira. A wajen ƙananan nan sirara na jinsin Agrilus, ramin yana kama da harafin D na boko, gefe ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe, kamar an raba ƙwayar magani biyu, kuma faɗinsa bai cika wuce milimita 3 ko 4 ba. Dalili shi ne bayan ƙwaron shafaffe ne, cikinsa kuma mai tudu. Manyan nau'o'in suna barin rami mai siffar ƙwayar guna ko ƙwallon dabino, mai tsawo ta gefe ɗaya. Bakin ramin yana da tsabta kamar an yanka da reza, kuma ba za ka ga gari ya taru a ƙarƙashinsa ba.

Kwatanta wannan da sauran masu huda itace da muke da su. Ƙananan ramuka zagayayyu kamar an soka tsinke ko ƙusa, waɗanda gari mai laushi kamar fulawa ke zubowa daga cikinsu kan tabarma kullum safiya, aikin wani dangi ne dabam, Bostrichidae, masu cin busasshen katako da gora da ƙotar fartanya. Babban rami zagayayye ko mai ɗan tsawo, wanda ke tofar da ɓarzajjen itace mai zare-zare, yawanci na ƙwaron nan ne mai dogayen ƙahoni, dangin Cerambycidae. Rami zagayayye sumul da ɗan yatsa zai shiga, a jikin katakon rumfa, na baƙar ƙudan zuman nan ce babba mai gurnani. Gara kuwa ba ta ɓoye kanta, domin takan lulluɓe hanyarta da ƙasa.

Duk da haka, kada ka yanke hukunci da rami kaɗai. Wasu masu dogayen ƙahoni ma suna barin rami mai ɗan tsawo, kuma idan ɓawon ya bushe ya tsattsage siffar ramin takan canja. Rami shaida ce ta farko. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne wani ƙwaro ya girma a nan ya fita; ramin da gefensa ke da haske sabo ne, wanda ya yi toka-toka ko gizo-gizo ya shiga tsoho ne, mai yiwuwa na bara ko na bariya.

Ɗaga ɓawon

Zaɓi wurin da ɓawo ya riga ya mutu ko ya saki, a kan iyakar matacce da mai rai, domin a nan tsutsa ke aiki. Ka yanka ɗan murabba'i wanda bai wuce faɗin akwatin ashana biyu ba, ka ɗaga a hankali. Kada ka bi son gani ka zagaye reshen da wuƙa, domin kai ma zobe za ka yi masa, ka ƙarasa abin da tsutsa ta fara.

Abu uku za ka duba a hanyar da ka tarar. Na farko, a baje take, faɗinta ya fi zurfinta nesa ba kusa ba. Na biyu, tana karkacewa kamar sawun maciji a kan yashi, ta fara siririya kamar zare a inda ƙwan ya ƙyanƙyashe, tana ƙara faɗi yayin da tsutsar ke girma. Na uku, kuma shi ne mafi ƙarfi, a danƙare take da gari mai laushi wanda tsutsar ta tura bayanta ta daddanne, har idan ka duba da kyau za ka ga an jera shi layi-layi a lanƙwashe, kamar zanen da ke kan yatsa. Wannan tsutsa ba ta fitar da shararta waje, shi ya sa itace zai ci wata da watanni ana cinsa ba a ga komai a gindinsa ba.

Bi hanyar zuwa inda ta fi faɗi. Idan ka yi sa'a za ka ga tsutsar, fara mai ɗan rawaya, ba ta da ƙafa ko ɗaya. Gabanta a baje yake da faɗi, sauran jikin kuma siriri ne mai gaɓa-gaɓa, ta yadda duka siffarta ta yi kama da ƙusar takalmin doki ko ƙaramar muciya. Wannan faɗin da ake ɗauka kai ne, a gaskiya gaɓar farko ce ta ƙirji. Kan na ainihi ƙarami ne, ya nutse a ciki, baƙaƙen haƙoransa kawai ake gani. A kan faffaɗan wurin akwai zane kamar harafin V a kife ko layi ɗaya a tsaye. Tsutsar Agrilus ba ta da faɗin gaba sosai, amma tana da wasu ƙayoyi biyu masu launin ƙasa a ƙarshen wutsiya, kamar bakin hantsaki. Ta mai dogayen ƙahoni kuwa mulmulalliya ce kamar yatsa, kaurinta kusan ɗaya daga gaba zuwa baya. Idan abin da ka gani ya naɗe kamar harafin C kuma yana da ƙafafu shida, to ba namu ba ne. Ƙaramin na masu garin fulawa ne, babban kuma ɗan'uwan gwazarma ne da ke cin ruɓaɓɓen itace.

Wani lokaci za ka ga hanyar ta ƙare da rami mai tsawo da ya nutse cikin itace, an toshe bakinsa da gari. Tsutsar ta shiga kwanci ke nan, kuma ƙwaron yana dab da fitowa.

Neman babban ƙwaron

Wannan ƙwaro ɗan rana ne. Lokacin da kowa ke neman inuwa, daga hantsi ya ɗaga zuwa bayan azahar, shi ne lokacin da yake fitowa ya kwanta a gefen itacen da rana ke duka, ko a kan sabon itacen da aka sare aka tara. Ba ya cika zuwa wurin fitila da dare, saboda haka ƙwaron da ya faɗo maka a tsakar gida bayan isha'i, komai kyansa, da wuya ya zama shi. A wajenmu an fi ganin manyan daga tsakiyar damina zuwa kaka, a kan bagaruwa, farar ƙaya, ɗakwara da sauran itatuwa masu ƙaya, amma tarin ɗanyen itacen girki yakan jawo ƙananan a wasu lokutan ma.

Idonsa yana da kaifi ƙwarai. Tunkare shi a hankali ta inda inuwarka ba za ta faɗa kansa ba. Idan ya ji motsi, ɗaya cikin uku zai yi: ya zagaya bayan reshe kamar yadda ƙadangare ke yi, ya tashi fir da sauri kamar ƙuda, ko ya naɗe ƙafafunsa ya saki jiki ya faɗo ƙasa ya yi kamar ya mutu. Wannan dabara ta ƙarshe ita za ka juya a kansa. Riƙe buɗaɗɗiyar kwalba a ƙarƙashinsa, sannan ka kawo ɗaya hannun ta sama, shi da kansa zai faɗa ciki. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ka fito da sassafe bayan asuba, lokacin da sanyi bai sake shi ba, ka shimfiɗa farin ƙyalle ko ka buɗe laima a kife a ƙarƙashin reshe, ka buga reshen da sanda sau biyu da ƙarfi. Abin da ke kai zai zubo, kuma kana da ɗan lokaci kafin ya warware.

Kafin ka sa hannu, tabbatar ba hangara ba ce, wato ƙwaron da ke cin furen gero da na wake, wanda ruwan jikinsa ke sa fata ta yi bororo. Hangara tana da siririn wuya da kai a fili, fukafukanta kuma masu laushi ne. Ƙwaro mai ƙyalli ba ya harbi, ba ya cizo mai ciwo, ba ya kuma sa bororo.

Tabbatarwa a tafin hannu

Abin da za ka fara ji shi ne tauri. Jikinsa kamar an ƙera shi, ba ya lotsawa idan ka matsa da yatsa. Dube shi ta sama: siffarsa ta harsashi ce ko ta kwalekwale, faɗi a kafaɗa, tsini a baya, kuma akwai layi miƙaƙƙe a tsakiyar bayansa inda murafen fukafukansa biyu suka haɗu. Kansa a nutse yake cikin ƙirji har zuwa idanu, ba shi da wuya, fuskarsa tana kallon ƙasa, idanun manya ne. Ƙahoninsa gajeru ne, ba sa wuce ƙirji, masu gaɓa 11, kuma gefensu kamar haƙoran zarto. Ƙafafunsa gajeru ne, yana manne su da jiki. Juya shi ka dubi cikinsa, wanda sau da yawa ya fi bayansa sheƙi: gaɓoɓi biyu na farko a haɗe suke, layin da ya raba su ya dushe, saɓanin sauran da ke bayansu.

Akwai masu kama da shi guda uku da ya kamata a cire. Na farko shi ne ƙwaron da idan ka kwantar da shi rigingine zai yi ƙas ya yi tsalle ya juye. Siffarsu ɗaya, amma shi ƙirjinsa yana motsi dabam da jikinsa, kuma kusurwoyin ƙirjin suna da tsini ta baya. Namu ƙirjinsa a kafe yake, kuma idan ka kifar da shi sai dai ya yi ta harba ƙafa ko ya buɗe fiffike. Na biyu shi ne ƙwaron da ke cin nunannen mangwaro da gwaiba, dangin buzuzu. Shi gajere ne mai faɗi, ƙarshen ƙahoninsa kuma dunƙule ne da ke buɗewa kamar mafici. Na uku ya fi yaudara, wato wani mai launin shuɗi da kore da ɗigo-ɗigo da ake gani a gonar auduga da dawa da riɗi, mai suna Calidea. Dubi bayansa, ba shi da layin nan na tsakiya, garkuwa ɗaya ce ta rufe shi. A ƙarƙashin kansa kuma akwai dogon baki kamar allura, ga wari idan an taɓa shi.

Idan ƙwaronka ya tsallake wannan, sai a tambayi wane ne a cikin dangin. Siriri ƙarami wanda bai cika wuce santimita 1 ba, mai kama da ƙwayar shinkafa, Agrilus ne, jinsin da ke da nau'i fiye da 3,000. Mai baje jiki, launin tsohuwar tagulla, da wasu 'yan gurabe a kan fukafukansa da ƙaya a cinyar ƙafarsa ta gaba, mai gudu a kan gungume da tsakar rana, Chrysobothris ne. Idan ya buɗe fiffike za ka ga saman cikinsa yana walƙiya da kore ko shuɗi. Babba kore mai layuka a baya, wanda ya kai santimita 3 ko fiye, a kan itatuwa masu ƙaya, Steraspis ne, kuma tsutsarsa a cikin gangar itace take. Akwai kuma Sphenoptera, mai siffar tsinin gatari, wanda wasu nau'o'insa ke shiga karan auduga da saiwar ƙananan tsirrai.

Na ware Sternocera domin shi ne wanda kusan duk wanda ya tashi a karkarar Katsina ya sani ko da bai san sunansa na boko ba. Shi ne ƙaton nan mai kauri, mai launin goro ko baƙi da ɗigon fari-fari a kafaɗa, wanda muna yara muke kakkaɓowa daga bagaruwa da kaka mu ɗaura masa zare ya yi ta shawagi a kanmu yana gurnani. Juya shi za ka ga wani tsini ya fito a ƙirjinsa tsakanin ƙafafu, kuma daga wannan tsini aka samo sunansa. Abin da nake so a riƙe game da shi shi ne ba ya huda gangar itace. Macen takan saki ƙwanta a ƙasa, tsutsar ta rayu a cikin ƙasa tana cin saiwa. Saboda haka ganinsa a kan itacenka bai nuna shi ya yi ramukan da ke jikin ɓawo ba, kuma ba na ganin dalilin kashe shi.

Haɗa rami da mai shi

Ƙwaron da ka kama a kan itace yana iya zama baƙo ne mai wucewa. Hanya ɗaya ce ke kawar da shakka. Yanko guntun reshen da ka tabbatar akwai tsutsa a ciki, tsawon kamu biyu ko uku, ka shafa kakin kyandir a bakin yankan biyu don kada ya bushe da wuri, ka sa a bokiti ka rufe da yankin gidan sauro ka ɗaure. Ajiye shi a inuwa, nesa da gara da tururuwa, kana ɗan yayyafa masa ruwa lokaci-lokaci, kana dubawa duk bayan kwana biyu. Yana iya ɗaukar makonni, yana iya kai watanni. Ranar da ka ga ƙwaro a jikin ragar, nemi sabon ramin da ya bari, ka ɗauki hotonsu tare.

Hoto uku ake bukata, ta sama, ta ciki da ta gefe, da rula a kusa, a cikin inuwa mai haske domin rana tsaka tana sa ƙyallin ya wanke hoton. Idan ƙwaron ya ƙi tsayawa, sa kwalbar cikin ruwan sanyi ko firji na 'yan mintoci. Rubuta rana, wuri, sunan itacen da halin da yake ciki, domin masani yakan gane nau'i ta itacen da aka same shi kamar yadda yake gane shi ta jikinsa. Tsutsa kuwa a tsoma ta a ruwan zafi na minti ɗaya sannan a sa ta cikin sifirit, in ba haka ba za ta yi baƙi ta lalace. Ana iya ɗora hotunan a manhajar iNaturalist, inda ake taimaka wa mutum gane halitta daga hotonta, ko a kai samfurin sashen nazarin halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, inda ake da tarin ƙwari na kwatance.

Bayan ka gane shi

Feshi a kan ɓawo ba ya kai wa tsutsar da ke ƙarƙashinsa, ɗura magani a rami kuma ka riga ka ji labarinsa. Yanke reshen da ya mutu daga inda itace ke da rai, ka kai shi murhu kafin ƙwarin su fito. A ƙaramin itace kana iya bin hanyar da bakin wuƙa ka cire tsutsar. Daga nan sai ka koma kan abin da ya raunana itacen: ba shi ruwa mai nisa a bazara, rufe gindinsa da ciyawa, share kewayensa kafin a sa wuta, shafa wa sabon dashe farar ƙasa a jiki don kare shi daga rana. Kada ka jibge ɗanyen itacen girki a jikin lambu, kuma sandunan da za ka yi shinge ko rumfa da su ka feƙe ɓawonsu tun suna ɗanye.

Ɗaukar itace mai ɓawo daga wata ƙasa zuwa wata yana da haɗarin da bai kamata a raina ba. A 2002 aka gano wani koren Agrilus ɗan asalin gabashin Asiya a jihar Mishigan ta Amurka, wanda ake kyautata zaton a cikin katakon ɗaurin kaya ya shiga. Itatuwan can ba su saba da shi ba, har masu lafiya yake kashewa, kuma ya hallaka miliyoyin wani itace da ake kira ash, itacen girki da mutane ke ɗauka a mota yana taimaka masa yaɗuwa.

Idan kuma a cikin ɗaki ka ga ɗaya ko biyu sun fito daga gungumen rufi, kada ka tayar da hankalinka. Tun itacen yana daji aka yi ƙwan, kuma bushewar katako tana jinkirta girman tsutsa ƙwarai. A Kanada an samu wani nau'i mai suna Buprestis aurulenta da ya fito daga katakon gini bayan shekara 51. Waɗanda suka fito ba za su koma su yi ƙwai a busasshen katako marar ɓawo ba. Toshe ramin da kaki ko ƙasa, ka sa masa alama da alli, ka riƙa duba ko wani sabo zai bayyana kusa da shi. Idan gari mai laushi ne ke zubowa ba ƙaƙƙautawa, to masu garin fulawa ne, kuma su suna sake yin ƙwai a katakon da suka fito, don haka sai a kira kafinta ya duba ƙarfin gungumen.